Takarda Ba Ta Tashi Sama

A Heipang, tun raɓa ba ta bar ciyawa ba,
na yaye ƙyallen da ke hancin jirgin.
Kujerunsa huɗu. Ya girme ni a aiki.
Na auna mai, na danna taya, na bi kusoshi ɗaya-ɗaya,
takarda ta ce lafiya lau.
To, amma yaushe takarda ta taɓa tashi sama?

Kaneng ta iso, sanyin Jos a kafaɗarta,
ta zagaya shi tana shafa fiffike
kamar mai taya saniya ranar kasuwa.
"Tanimu, me ya faɗa maka?"
Na ce, "A ƙasa kowa salihi ne.
Kai shi can, ki tambaye shi."

Ba fasinja.
Buhun yashi biyu muka ɗaure a kujerun baya,
su ba su da 'ya'ya, ba mai jiransu a gida.

Mai jirgin yana gefe da carbi, yana lissafin mai:
"Wata shida kawai, a ƙona min kuɗi a iska?
Ba jiya-jiya ya dawo lafiya ba?"
Na yi shiru. Jiya ba ta tuƙa jirgin gobe.

Ta ɗaga. Ta bi ta kan kududdufan kuza,
ta kan gonakin dankali, har ta koma ɗigo.
A can ta rage masa gudu da gangan,
ta ɗaga hancinsa, tana rage wa, tana rage wa,
tana jiran ƙahon gargaɗi ya yi kuka
kafin iska ta saki fiffike.
Iska ta saki.
Ƙaho bai ce uffan ba.

Da ta sauko ba ta yi dogon zance ba:
"Jirginka ya zama bebe."

Na haska tocila a ramin da ke bakin fiffike,
ramin da ɗan yatsa ba ya shiga.
Zanzaro ne ya yi gininsa a ciki,
laka 'yar mitsitsiya, bushasshiya, tsaf da ita.

Na ɗora ta a tafin hannun mai jirgin.
Ya daɗe yana kallo. Carbin ya tsaya.
Jibi ne zai ɗauki uwarsa zuwa asibiti a Abuja.

Na wanke ramin. Kaneng ta sake tashi.
Ban sa hannu a littafi ba
sai da ta ce min ta rediyo, tana dariya,
"Ya yi kuka."