Ƙyalle Huɗu

A aljihun rigar aikina akwai ƙyalle kala huɗu:
ja, ruwan ɗorawa, kore, baƙi.
Ladan tela na bakin Tsohuwar Kasuwa ya yanko mana su
daga ragowar yadin Sallah, ko sisi bai karɓa ba.
Ya ce, "Mi za ku yi da tsumma a asibiti?"
Na ce, za mu koyi wanda ake fara taɓawa.

Don akwai wani dare, bana shekara biyu,
da motar albasa ta kife bayan gadar Kwalkwalawa
da mutum talatin da ɗaya bisa buhuna.
Aka yi ta kawo su a kabu-kabu, a agwagwa-da-buje,
ƙofar gaggawa ta cika da warin albasa da ƙarnin jini,
ba ka san wanne ya sa ka hawaye ba.

Muka ruga wajen mai ƙara.
Wani ya karye a hannu, yana kiran uwarsa,
mu huɗu muka duƙa a kansa.
Wani yayansa ya san wani babba, waya a kunne,
shi ma muka duƙa.
Can jikin bango, kusa da bokitin shara,
wani dattijo ya jingina, hularsa a cinya,
bai ce uffan ba.
Sau uku na wuce shi, ina cewa wannan da sauƙi.
A na huɗu cikinsa ya yi tauri kamar ganga,
jinin ya zuba ta inda ido ba ya kaiwa.
Altine sunansa, mutumin Gwadabawa.
Sai da safe muka sani, a jikin katin zaɓe.

Inna Ige, shugabarmu, ba ta yi faɗa ba.
Ta tara mu gindin dogonyaro, bayan ɗakin magani,
ta ce, "Mai ihu yana da numfashi.
Ku nemi wanda ya yi shiru."

Tun daga nan, kowace Laraba bayan la'asar,
ɗalibai su kwanta bisa tabarmi, tumatirin gwangwani a goshi,
mu bi su ɗaya ɗaya, agogo a hannunta.
Duk mai iya tashi ya koma inuwa: kore.
Kara kunne a baki, ƙirga numfashi.
Danna farce, saki, ɗaya, biyu, jan ya dawo?
Tambaye shi sunansa, ka ji ko zai amsa.
Rabin minti, ɗaura, wuce.
Wucewar nan ita ce ta fi ciwo.
Ɗaliban suna dariya, mu ba ma yi.

Shekaranjiya, hanyar Boɗinga, bas biyu suka yi karo.
Na tsaya a ƙofa da ƙyallena.
Saurayi na farko, na gyara masa wuya, na buɗe baki,
babu iska.
Hannuna ya ƙi, na tilasta shi,
na ɗaura baƙi, na yi masa addu'a a cikin taku biyu.
Ƙanensa ya riƙe mini riga. Ban waiwaya ba.
Allah Ya sani, ban waiwaya ba.

Ga wata can ƙarshen layi, zaune, shiru,
tana gyara ɗankwali kamar mai jiran mota,
leɓenta ya koma launin toka.
Ja.
Kafin minti bakwai tana ƙarƙashin fitilar tiyata.

Yau da hantsi ta nemi kunun tsamiya,
ta yi mitar ba a sa sukari ba.
Na fita na tsaya bayan ƙofa har idona ya bushe.

Ban san ko ƙanen saurayin nan zai yafe mini ba.
Na wanke hannu, na ƙirga abin da ya rage a aljihu.
Gobe zan biya wajen Ladan,
jan ya kusa ƙarewa.