Kayen Mushe Ilu

Ɗari biyu na sayo, ƴan kwana ɗaya,
sun ƙetaro Ɗan Isa cikin kwali mai huji.
Na raba akurki da ragar waya,
ɗari gabas, ɗari yamma.

Sha'aibu, lokotoron dabbobi na Bagalam,
ya miƙo mini gari a leda, fari kamar kanwa.
Ya ce, "Cokali guda cikin tiya goma.
Ba magani ba ne, Mushe, maroƙi ne,
aikinsa kiran baki zuwa akushi."
Na sunsuna, ƙamshin madara da biskit,
har jikata Harira ta kawo hannu.

Na gabas na barbaɗa wa.
Na yamma, masara da ƙuli, yadda aka saba.

Shekara talatin ina kiran suna a lakwal,
ban ga aji mai haɗama irin wannan ba.
Kafin in juya baya, kwano ya yi tas.
Kwana ashirin da ɗaya sikeli ya yi magana:
gabas ta ɗara yamma da giram ɗari da hamsin.
Na ja layi biyu da jan bik,
na kwana ina ƙirga jikkuna a rufin ɗaki.

Sai bazara ta sauke tukunyarta kan Maraɗi,
kuran ya ɗauke kwana uku.
Masu faɗin ƙirjin nan suka zube, baki buɗe,
ƙafa ta ƙi ɗaukar abin da baki ya tara.
Bakwai na kwashe da asuba,
huɗu kashegari.
A yamma biyu kacal.
Sauran na ta tonon ɓuntun shinkafa, ko a jikinsu.

Sha'aibu ya tsuguna ya feɗe ɗaya,
hanta ja, hanji lafiya lau.
"Garin bai kashe ba. Zafi ne da nauyi.
Ɗauke abinci da rana, ba su ruwan randa."
Ashe maroƙi bai san ya isa ba,
mai gida ke cewa a tsaya.

Ran sayarwa, Nomau mai gashi a bakin tasha
bai kalli sikelina ba, tafinsa ya auna.
Riba ta zo siririya,
kamar Gulbi a ƙarshen rani.

Jiya Harira ta tashi daga zazzaɓi, ta ƙi tuwo.
Kakarta ta ƙara daddawa a miya.
Loma biyar na ƙirga.
Na buɗe kaye, bik a hannu,
na rasa shafin da zan rubuta.