Bakin Takalmin Dama

Sau uku a wata guda
Tasalla ta kawo mini kambas ɗinta,
ƙafar dama kaɗai,
bakin ya cinye kamar ɓera ya kwana a kai.
Na hagu lafiya lau, ko zare bai tashi ba.

Shekara ashirin ina ɗinki a bakin Taminus.
Na san takalmin ɗan dako, na san na mai tallan dankali,
kowa da inda ƙasa ke cinsa.
Wannan ciwo ban san shi ba.

Na ce, yarinya, dutse kike shuri?
Ta ce, Baba, sofbol nake jifa.
Ta ajiye jaka, ta hau murfin kwata:
ka ɗauka nan ne allo, ƙafa a kai.
Hannu biyu a rabe tukuna,
sai a haɗa su a gaba, a ɗan tsaya
kamar mai ƙirga canji a zuci.
Hannu ya zaga sau ɗaya, ba biyu ba,
ƙwallo ta fita ta ƙasa, daf da ƙugu,
ba ta sama ba, irin jifan mangwaro.
Taku ɗaya da hagu.
Ta dama janta ake yi,
in ta yi tsalle ta sake kafuwa kafin a saki
jifa ya ɓaci.

Ran Asabar na rufe akwati na bi ta.
Fili a gindin Dogon Dutse, yara sun tsince tsakuwa,
sanyin safe bai gama sakin ciyawa ba.
Jifa na huɗu ta yi gaggawa,
ƙafar ta tashi, ta dira kamar ta hankaka.
Alƙaliya Madam Kangyang ta miƙa hannu gefe.
Na miƙe zan yi magana,
ni da ban san dokar ba sai shekaranjiya.
Tasalla ba ta ko dube ni ba.
Ta goge tafi a wando,
ta koma kan allo,
ta ƙirga canjinta.

Da aka tashi na je na duƙa a wurin.
Wani siririn layi a jar ƙasa,
tsawon kamu uku, ya ɗan karkata,
zurfinsa ya ɗauki yatsana.
Ashe nan fatar da nake liƙawa take zuwa.

Da dare na yanko gefen tsohuwar taya,
na kankare shi, na lanƙwasa bisa bakin,
ɗinki biyu, zaren kaba mai kakin zuma.
Bai yi kyau ba. Zai kai damina.

Ta tambayi kuɗi.
Na ce ki bari sai kun dawo daga Bukuru,
amma ki zo da shi ko bai yage ba,
ina so in ga yadda ya ci.