Inda Kwalta Ta Ƙare

Inda kwalta ta gaji ta tsaya,
nan gidana ya fara.
Shekara uku baya, gonar gero ce.
Har yau in damina ta sauka
wani kara yakan tsiro a bakin ƙofa, shi kaɗai,
kamar ya zo cigiyar ƴan'uwansa.

Shekara arba'in da ɗaya na yi a Bagalam
ban taɓa jin numfashina ba.
Injin niƙan Rabe tun gari bai gama wayewa ba,
Baturiya da tallan ƙosai,
rediyo uku, tasha uku, katanga ɗaya,
akuyar kowa a zauren kowa.
Na ce in Allah ya hore mini
sai na koma inda ba mai buga mini ƙyaure.
Allah ya ji. Ya kuma ba ni.

Nan in na ajiye cokali
ƙararsa sai ta kai ɗakin baya.
Barci kuwa, na biya bashin da yake bi na.
Jinina ya sauka, har likita ya sake aunawa.
Na dasa lemo biyu da zogale,
ba yaron da ya tsinki ganye.
Da magariba iska takan taso daga wajen gulbi,
ta iske ni bisa tabarma, ta shafi wuyana, ta wuce.
Taurarin da fitilun kasuwa suka ɓoye mini,
ashe suna nan, ba wanda ya ƙaura.

Sai dai Sa'a ta rage tukunya.
Wa za a aika wa?
Kwanon da ke ƙetare katanga kowane dare
yana kife bisa kanta, gizo-gizo ya kama haya.
Gishirin dala goma,
kabu-kabu dala ɗari kafin ka kai gare shi.
Maƙwabcina na gabas na san kukan motarsa,
na san tarin mai gadinsa,
sunansa kuwa a takardar wuta na karanta
ranar da aka kawo mini ita bisa kuskure.

Ran wata Laraba Rabe ya rasu.
A Bagalam ba a yi shela ba:
gari ya waye injin bai yi magana ba,
mata suka dubi juna da ƙwaryar dawa a ka,
maza suka ɗauki huluna.
Ni nan, shirun wannan rana
daidai yake da na jiya, daidai da na shekaranjiya.
Na shayar da lemo. Na sha kunu.
Sai ran sadakar uku na ji,
a bakin mai kabu-kabu, yana neman mini canji.

Shekara arba'in ina tsine wa wannan inji.
Ban san yana gaya mini
Rabe ya kwana lafiya ba.

Jiya Sa'a ta jawo turmi tsakar gida
alhali ga gari cike da roba.
Ta daka, ta daka, har da luguden ƴan mata,
ita da jika bakwai.
Can wata murya ta bayan katanga,
siririya, kamar ta daɗe ba a yi amfani da ita ba:
Sannu da aiki.
Sa'a ta tsaya da taɓarya a sama.
Da dare na ga ta wanke kwanon nan.

Yau ƙanena Tsahiru ya kira:
an ce akwai fili kusa da kai, yaya wurin yake?
Na dubi zogale, na dubi hanya ba kowa.
Na ce wurin lafiya lau,
za ka yi barci, za ka ga taurari.
Amma in za ka zo,
kada ka sayar da zakaran nan naka mai cara ba lokaci,
kuma ka taho da yaran duka,
har da mai kukan.