Mabuɗi a Aljihun Mai Jira

A ofishin 'yan riɗi, bayan kasuwar Garki,
kwamfuta ɗaya, batir ɗaya, sola biyu a kan kwano.
In rana ta karkata, wuta ta ja baya,
sai mu ce mata: kwanta, ki rage ci.
Kwanciya ba ta taɓa ba mu wuya ba.
Tashin ne.

Na taɓa madanni, allo ya buɗe ido,
kibiya na yawo kamar lafiya lau.
Malam Tasi'u ya ce, duba mini Ɗangwani,
buhu nawa ya kawo ran Talata?
Na danna. Shiru.
'Yar fitilar faifai ta kafe, ja wur,
ba ƙiftawa, kamar idon tarwaɗa a faranti.

Kwana tara ina kashewa ina kunnawa.
Na zargi zafi, na sa mata fanka.
Na zargi waya, na sayo sabuwa a Gumel.
Na zargi kiyashi, kuma da gaske akwai su ciki,
na kakkaɓe. Ta kwanta, ta tashi, ta sandare.
Tasi'u ya koma ga littafinsa mai jan bango,
yana lasar yatsa, yana juya shafi.
Bai ce komai ba. Da ya zage ni da ya fi sauƙi.

Daren goma na bar zargi, na koma bin sawu.
Direba ake ce masa, bai san sitiyari ba,
ɗan aike ne tsakanin ƙwaƙwalwa da faifai.
Na ce ya rubuta duk takun da ya yi.
To ina zai rubuta, takardar ce ta maƙale?
Na aro kwamfutar Barira ta asibiti,
na ja waya tsakaninsu, ɗaya na aman zance,
ɗaya na tarewa.
Layi ɗari bakwai da sha huɗu.
Na ƙarshe ya ce: na kulle, na aika, ina jira.

Sauro na cizo, na zauna na dube shi.
Ashe gaggawa ce:
ɗan aike ya riga kowa tashi,
ya kulle rumbu, ya jefa mabuɗi aljihu,
ya tsaya yana rafka wa mai barci sallama.
Wanda zai tada mai barcin kuwa
yana waje, hannu a baya, yana jiran mabuɗi.
Wannan na jiran amsa, wancan na jiran ƙofa,
su kai tashin duniya a haka.
Ba ɓarawon da za a kai wa dagaci.

Layi uku na gyara.
A tada shi tukuna, sannan a kulle.
In ka yi sallama, ka ƙirga biyar, ba a amsa ba,
saki mabuɗi, dawo ka faɗa.
Sau arba'in na kwantar na tayar
kafin ladan ya gyara murya.

Da hantsi na ce, Ɗangwani:
buhu sha ɗaya da tiya shida.
Tasi'u ya duba nasa, ya ce haka ne,
ya mai da littafin hammata, bai ajiye ba.

Da yamma na bi ta ƙofar yayana Nafi'u.
Damina biyu ba ma magana, kan iyakar gona.
Na jingine keke.
Na yi sallama, na fara ƙirge.