'Yar Mai Makulli

Shekara arba'in da ɗaya ina buɗe ƙofofin mutane
a Valparaíso, kan tudun da matakala ke cinye gwiwa.
Gishirin teku na cin kwaɗo, ni ina samun na burodi.
Ban taɓa zura ƙarfe a ramin makulli ba
sai mai gida na tsaye, ya ce da bakinsa: buɗe.

Rayén ta yi rarrafe cikin garin tagulla, ƙarƙashin bencina.
Tana shekara tara ta ɓalle kwaɗon farko da tsinken gashi.
Na yi dariya har da hawaye,
sannan na kama kunnenta.

Yau ga ta gaban alƙali, cikin kwat ɗin aro
mai hannun da ya rufe mata yatsu.

Abin da ta yi, ga shi, yadda na iya fahimta:
ta shiga shafin asibitin unguwa
neman sakamakon gwajin jinina.
A wutsiyar adireshin akwai lamba.
Ta mayar da bakwai ta zama takwas,
sai ga takardar wani a gabanta.
Ta sake. Ta sake.
Sau goma sha ɗaya, wai don ta tabbata.
A na goma sha ɗayan
sunan Doña Eduvigis ya fito,
mai sayar mana da kifi a gindin tudu,
da sunan cutar da ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba.

A daren ta rubuta wa asibiti:
bangonku ya tsage, ku toshe.
Gyara kayanka, ai bai zama sauke mu raba ba.
Mako uku shiru.
Ranar Talata da asuba aka ƙwanƙwasa,
suka tafi da kwamfutar cikin leda, kamar gawar kyanwa.

Mai gabatar da ƙara yaro ne mai ladabi.
Ya ce doka ba ta tambayar me ka ɗauka,
tana tambayar wa ya ce ka shiga.
Ya karanta sashen a hankali: kutse, ba tare da izini ba.
Na so in tashi in ce ƙarya yake,
amma maganata ce a bakinsa,
wadda na faɗa da kunnen yarinya a hannuna.

Lauyarmu ta ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Ina wanda ya gina ɗaki ya manta sakata?
Shi wa zai tuhume shi?
Mutanen asibiti na zaune a layin gaba,
takalmansu na ƙyalli, ba wanda ya ɗaga kai.

Ni ma na taɓa yi, in za a bi gaskiya.
Wata shekara na ga hayaƙi a tagar wani matuƙin jirgi,
na ɓalle ƙofar ban jira kowa ba.
Tukunya ce kawai a kan wuta.
Ya biya ni kuɗin kwaɗo, bai sake kirana ba.
Amma ni sau ɗaya na shiga.
Goman nan da suka biyo baya
su ke hana ni barci.

An ɗaga zama sai watan gobe.
Mun hau tudu ba magana, tana gaba ina haki.
Doña Eduvigis na kankare ɓawon kifi.
Ta gan mu. Ta ci gaba da kankara.

An toshe ramin, in ji lauya,
tun makon da wasiƙar ta isa.
Ba a amsa ta ba har yau.

Na buɗe shago, na kunna fitila.
Akwai mabuɗi uku da zan goge kafin dare.
Rayén ta zauna a bakin ƙofa,
ba ta ciki, ba ta waje.
Ban san me zan ce mata ba,
sai na miƙa mata magagari.