Kwaɗon Arzika

Ƙarfe biyu na rana, Kalambaina tana tafasa,
ƙurar siminti ta ba ni furfura tun ban isa ba.
Injin niƙa ya yi shiru tun hantsi,
cikinsa a buɗe kamar san da aka feɗe a kasuwar Acida.

Ni ke riƙe da littafin izini.
Takarda uku: fara tawa, shuɗiya ta mai shiga,
ja a liƙe jikin akwatin wuta.
Da safe na auna iskar ciki, na rubuta,
na zare fis, na danna maɓalli, bai motsa ba.
Arzika mai walda ya sa hannu,
ya ciro ɗan kwaɗonsa mai suna da farin fenti,
ya datse, ya jefa makulli aljihu, ya yi bisimilla.

Kwaɗo ne da ba ya kuka ko da damina,
amma in yana rataye, cewa yake yi:
akwai ɗan wani a ciki.

Sai ga Jabbi, zufa har ƙeya.
"Modi, mi kaka jira?
Tireloli sun kai bakin titin Wamakko.
Mai gadi ya gane shi, ya hau kabu-kabu ya tahi.
Kawo zarto mu yanke wanga abu."

Na ce mai gadi riga ya gani,
ni kuwa hannu nika jira.
Gurbin da zai sa hannun fita ga shi nan fari fat,
shuɗiyar takarda ba ta dawo ba.

Ya kira manaja, manaja ya kira ni,
ya lissafa mini buhu nawa ke tafiya duk minti guda.
Na iya lissafi.
Na kuma iya wani wanda ba ya cikin kwamfuta:
shekarar da gulbi ya ci gonakin Kware,
an ce Atto ya fita.
Wa ya ce? An ce.
Mu huɗu muka kai wa uwarsa hularsa,
ta karɓa ta shinshina, ba ta tambaye mu kome ba.
Tun ran nan na san An-ce ba ta da sa hannu,
ba ta zuwa zaman makoki kuma.

Na sake buɗe sabon izini da sunana,
na rataya kwaɗona kusa da nasa,
na ɗaura igiya a ƙugu, Ladan ya riƙe bakinta.
Na rarrafa da tocila tsakanin ƙwallayen ƙarfe,
ina kiran Arzika, ƙarfe na mayar mini da Arzika.
Lungu lungu. Ba kowa.
Sai guntun goro da safar hannu guda.

Na fito, ana dariya ƙasa-ƙasa.
Wayarsa a kashe. Na ce a aika gidansa.

La'asar sakaliya ya faɗo daga kan babur,
takalmi ɗaya a hannu, baki har kunne, ido da kunya:
naƙuda ce ta zo ba sallama,
mace aka samu, da ita da uwar lafiya.
Ya laluba aljihu. Makulli na nan inda ya bar shi.
Ya sa hannu, yatsunsa na rawa,
ya buɗe kwaɗonsa da kansa.
Na ƙirga mutane, na mayar da fis, injin ya yi gyaran murya.

Awa uku muka ci bashi.
Washegari takardar tuhuma ta iso, tawa da tasa.
Na ninke tawa na sa cikin littafin izini.
Jabbi bai gaishe ni ba har kwana shida.
Ran suna muka haɗu kan tabarma ɗaya,
ya miƙo mini dabino,
yana kallon wani wuri.